Ƙwaya Biyu, Ƙwaya Huɗu

A gidanmu in za a je wurin da ake buƙatar baki, ni ake turawa. Yayyena maza biyu ne, kuma dukansu in ma'aikaci ya ɗaga musu murya sai su ce Allah ya ba da haƙuri su juyo gida. Ni kuwa sunan mahaifiyar Baba na ci, shi ya sa yake kirana Uwata, kuma tun ina rarrafe ba wanda ya isa ya tsawata min a gabansa. Haka na tashi da baki ba linzami, na zama malamar firamare, bakin ya ƙara samun wurin motsa jiki. Da ciwo ya kama Baba ba a ma zauna shawara ba, kowa ya san wadda za ta riƙa raka shi asibiti.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, tsakanin Sinnar da Sinja. Abin da nake tunawa ya faru ne kafin yaƙi, lokacin da mutum zai hau mota da sassafe ya je Madani ya dawo a yinin, ba wanda ya tare shi a hanya. Baba manomi ne, dawa da riɗi da damina, albasa da kuɓewa a gaɓar kogi in ruwa ya janye. Ciwon ya fara masa da kasala, sai ya yi 'yan lomomi ya ce ya ƙoshi, daga nan gefen cikinsa na hagu ya yi tauri. Muka ce saifa ce irin ta masu shiga ruwa, don a wajenmu ba baƙon abu ba ne. Aka sha saiwa, aka sha rubutu, aka sha maganin zazzaɓi. Da aka ɗebi jininsa a Sinnar sai aka ce mu wuce Madani, a can aka gaya mana sunan abin, wai ciwon dajin jini.

Suka ɗora shi a kan wata ƙwaya da ake sha kullum, ta kuwa karɓe shi. Ya yi shekaru yana shanta yana noma, har muka fara mantawa da cewa marar lafiya ne. Sai wata shekara bayan an gama yankan dawa, gwajin jini ya nuna ciwon ya saba da ƙwayar, ya daina jin tsoronta. Aka canza masa wata, ita kuma jikinsa ya ƙi ta. Kasalar ta dawo, rigunansa suka fara yi masa yawa.

Likitar da ke duba shi ba za ta girme ni ba, siririya ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya ko asibitin zai kama da wuta. Kowa daktora yake ce mata. Irin mutanen nan ne da ke ba ni wahala, don mai faɗa na san yadda zan yi da shi, mai sanyi kuwa ban san ta inda zan kama shi ba. Ta zaunar da mu ta ce akwai sabon magani da ake gwadawa a kan masu irin ciwon Baba, waɗanda tsohon magani ya daina yi wa aiki. An riga an ga yana taɓa ciwon. Abin da ya rage a sani shi ne awonsa, nawa ne ya isa, nawa ne ya yi yawa. Don haka za a raba masu shiga gida biyu, wasu su riƙa shan ƙwaya biyu a rana, wasu huɗu, kuma ƙuri'a ce za ta raba. Ta ce ba dole, in mun ƙi za ta ci gaba da duba shi kamar da, in mun shiga kuma duk ranar da muka so fita ba mai riƙe mu. Ta ba mu takardu mu je gida mu yi shawara.

Na karanta musu a rumfar tsakar gida, shi da Inna, ina karantawa da Larabci ina mayarwa da Hausa. Inna tana ta tsince wake. Baba ya ce, "Mu tahi, Uwata. Wanda ruwa ya ci, ko takobi anka miƙa mai sai ya kama." Muka koma, aka yi masa gwaje-gwaje, ƙuri'a ta ba shi biyu. A ranar ban ji komai ba, na ce magani dai magani ne.

Masu wannan gwajin rana ɗaya ake ba su, a benci ɗaya suke jira. A nan Baba ya yi aboki, wani Balarabe mutumin wani gari da ake kira Hajj Abdalla, ƙato mai rawani kamar kwando, mai hawasha tasa ta kansa, wato gonar ban-ruwa a Jazira. In ya yi dariya har masu jiran hoton ƙirji a can ƙarshen baranda sai sun waiwayo. Ba ya zuwa hannu sake. Da hantsi ya yi sai ya kwance ƙullin kisra, wato wainar dawa mai faɗi marar kauri, da miyar kuɓewa, ya shimfiɗa jarida a ƙasa, ya bi bencin nan kaf yana jan hannun mutane, wanda ya ce ya ƙoshi ya shiga uku. Hira ta kai su har suka gano cewa mahaifin Baba ya taɓa cirar auduga a kusa da garinsu. Daga nan suka zama ya Hajj da ya Hajj, kowa na kiran ɗan'uwansa haka, alhali a cikinsu ba wanda ya taɓa ganin Makka.

Wata rana ma'aikaciyar jinya ta zo tana miƙa kwalabe tana maimaita wa kowa ƙa'idarsa. Ta ce wa mutumin Hajj Abdalla huɗu. Ta ce wa wani ɗan kasuwa mutumin Madani huɗu. Ta zo kan Baba ta ce biyu. Na dube su, na dubi Baba da hularsa ta saƙi da tsagen gado a kumatunsa, sai na ce a raina, to, ga dalilin.

Wanda bai tashi inda muka tashi ba zai ce na cika zargi. Kakan Baba ya shigo ƙasar nan da ƙafa a kan hanyar Makka, ya tsaya, ya haihu, a nan aka binne shi. Duk da haka in na je wani ofis neman takarda sai an dube ni an tambaye ni asalina, a ce in kawo shaida, in na kawo a ce in kawo mai shaidar shaidar. Dangin Inna da ke zaune a kambo, bukkokin 'yan ƙwadago a gefen gonakin Jazira, sun tsufa suna cirar audugar wasu, ba su da ko taku ɗaya na ƙasa da sunansu. In ana rabo mun san ƙarshen layin da yake namu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ni kuwa ba guduwa nake yi ba, sanda nake nema.

Na bar Baba a benci na tura ƙofar daktora ba sallama. Da Larabci muka yi, don ba ta jin Hausa.

"Daktora, da wane ma'auni aka auna aka ga ran babana rabin na wancan ne?"

Ta cire tabarau ta murza idonta. "Zauna, ya ustaza."

"A tsaye ma ina ji."

"To ji. Ba ni na zaɓa ba. Lamba nake turawa, ba suna, ba gari, ba ƙabila, na'ura ta jefa ƙuri'a ta dawo min da amsa. Kuma huɗu ba kyauta ba ce da aka hana ku." Ta mayar da tabaran. "A da, in an samo maganin daji, sai a yi ta ƙara wa mutane awo har a kai inda jiki ya ce ba zai iya ba, sai a ɗan ja baya, a ce wannan shi ne awon. Da magungunan da, irin na ƙarin ruwa masu zubar da gashi, hakan yana da dalilinsa. Waɗannan sababbin wuri ɗaya suke nema a jikin ciwon su toshe. In sun toshe shi, abin da aka ƙara a kai ba lallai ya ƙara komai ba sai gudawa da gyambon baki da ƙuraje. Kuma ba maganin mako guda ba ne, shekaru mutum zai yi yana sha. In ya fi ƙarfinsa zai ajiye, wanda ke cikin kwalba kuwa ba ya yi wa kowa aiki. Amma yana yiwuwa kuma biyu su gaza. Shi ya sa ake gwadawa."

"In babanki ne, wanne za ki ba shi?"

"Wallahi ban sani ba. Da na sani, da haramun ne in bar ƙuri'a ta zaɓar masa. Abin da na sani shi ne ina duba jininsa a kai a kai. In na ga biyu ba su riƙe shi ba, ba zan bar shi a kansu ba."

Na fito ban gamsu ba. Tunda nake ban taɓa jin likita ya ce bai sani ba, kuma ban san ko in gode mata ko in ƙara jin tsoro ba.

A mota muna komawa na zayyana wa Baba komai, har da ƙari. Ya saurara yana kallon gonaki ta taga.

"Ƙuri'a tac ce?"

"Haka ta ce."

"Wa ka jehwa ta?"

"Wai na'ura, ba ta san sunan kowa ba."

"To madalla," ya ce, ya gyara zama.

Na san abin da ya kwantar masa da hankali. Baba shi ne mai rabon watanda a unguwarmu. In azumi ya zo ƙarshe magidanta sukan haɗu su sayi sa, a yanka a bayan masallaci, a shimfiɗa buhuna, Baba ya kasa naman tsibi-tsibi, tsoka da ƙashi da kayan ciki, kowane tsibi ya samu. Ba shi da sikeli, yakan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. In ya gama kowa ya kawo alamarsa, wannan ƙwallon dabino, wancan tsinke, wani ɗan dutse, a zuba a hula. Sai a tare wani mai wucewa wanda bai ga mai kowace alama ba, a ce ya ɗora ɗaya-ɗaya a kan tsibin. Inda alamarka ta sauka nan ne rabonka, ko liman ne kai. Kuma kafin a gama ɗorawa ba mai taɓa nama, ko ƙuda ne a kai sai dai ka kore shi daga nesa.

Na ce, "Baba, ai a watanda tsibin duka ɗaya ne. Nan kuwa wani ya ninka wani."

Ya ce, "Uwata, ke dai ba ki taɓa rabo ba. Tsibin da ya hi tudu, wani lokaci ƙashi na a ƙarƙashi."

Baba yana da irin amsar nan da za ta rufe maka baki ba tare da ta cire maka damuwa ba. Na yi shiru har Sinnar, abin da direban motar, wanda ya san ni, ya ce bai taɓa gani ba.

Watannin da suka biyo baya su ne suka fi min wuya. Akwai wani gwaji da ke nuna yawan ciwon da ya rage a jini, kuma shi kowa ke jira. Na mutumin Hajj Abdalla ya rufto ƙasa da gudu. Na Baba yana sauka, amma kamar tsohuwa a kan tsani. Daktora ta ce yana kan hanya, akwai lokacin da aka ɗiba, in ya kai inda ake so kafin lokacin to shi ke nan, in bai kai ba za a sake shawara. Baba ya ce sannu ba ta hana zuwa. Na ce a raina, a ƙarasa karin maganar mana, sai dai a daɗe ba a je ba, mu kuwa wa ya ce muna da lokacin daɗewa? Tsoro nake ji, tsoro na gaske, cewa ƙwaya biyu ba za su riƙe min ubana ba, kuma ni ce na karanta masa takardar da bakina. A gida na addabi kowa. 'Yan ajina ma sun ɗanɗana.

Wata ranar asibiti ana cin kisra a ƙasan benci, ɗan kasuwar nan ya tambayi Baba yaya sakamako. Kafin Baba ya haɗiye lomarsa na amsa masa da Larabci, da muryar da nake kiran yara daga bakin fili.

"Yaya kuwa zai kasance? Wasu an cika musu mudu, wasu an ba su rabi."

Mutumin Hajj Abdalla ya janye hannunsa daga kwano, ya goge a jarida. Dama na lura kwanan nan ba ya cin abin kirki, shimfiɗawa yake yi ya tura wa mutane, ya ɗan taɓa don kada a ce. Dariyarsa ma ta ragu. Na ɗauka maganata ce ta sosa shi, ban kuma damu ba.

Da muka dawo zuwa na gaba, tun kafin mu zauna ya kama hannun Baba ya ja shi bayan ginin, gindin wata bishiyar dogon yaro. Na bi su, don ni ba a barina a baya. Ya waiga hagu da dama, ya zaro hankici daga aljihun jallabiyarsa, ya kwance ƙullin. Ƙwayoyin ne a ciki, farare, tuli guda.

"Ya Hajj," ya ce wa Baba, "tun ran da 'yarka ta yi maganar nan abinci bai ƙara yi min daɗi ba. Kwano ɗaya muke ci da kai. A ce ni huɗu kai biyu? Wannan ba halinmu ba ne, ubana ma zai tsine min daga kabari. Na yi lissafi, huɗu da biyu shida, uku-uku ke nan. Tun ranar uku nake sha, ɗaya ina ajiye maka. Karɓi."

Ban taɓa jin na ƙaunaci baƙo kamar yadda na ƙaunaci mutumin nan a lokacin ba. Mutumin da ke da ciwo irin na Baba, mai iyali, ya cire daga abin da ya ɗauka shi ne ransa ya ƙulle a hankici. Hawaye suka cika min ido. Kuma na so Baba ya karɓa, na so ƙwarai, har hannuna ya miƙa da kansa.

"Uwata, mai da hannunki," Baba ya ce da Hausa, bai ko dube ni ba. Sannan ya juya ga abokinsa da Larabci. "Allah ya saka maka, ya Hajj. Ba zan karɓa ba."

Fuskar mutumin ta canza. Larabawan wajen nan in suka ba ka abu ka ƙi, akwai rantsuwar da suke yi da igiyar aurensu, in ta fita daga baki to ko ka karɓa ko matar mutum ta saku. Ya ɗaga yatsa sama, ya cika ƙirji, ya fara, "Alayya..."

Baba, wanda kansa bai wuce kafaɗar mutumin ba, ya yi ɗage ya toshe masa baki da tafin hannu.

"Kada ka ƙarasa. Hajiya ba ta yi min laifin komai ba, kisrarta nake ci."

Suka tsaya a haka, ƙato da rawani ana riƙe da bakinsa, idanunsa sun fito. Da Baba ya tabbata rantsuwar ta koma ciki sai ya sauke hannu.

"Ka saurare ni. Da abincinka ne da na ci, da kuɗinka ne da na karɓa. Wannan ba naka ba ne tukuna, ba nawa ba ne. Yarinyar nan, daktora, awo take yi. In ni na sha uku ta rubuta biyu, kai ka sha uku ta rubuta huɗu, ƙarya ta auna. Kuma wanda zai zo bayanmu da wannan ciwo, ƙaryar za a ba shi ya haɗiya, ba mu san ko ɗan wa ba ne. Taho mu gaya mata."

"Za ta kore ni."

"In ta kore ka na bi ka."

Na ce, "Baba!" Ya ce, "Ke kuma ki biyo mu, ke kika haɗa wutar."

Haka muka shiga mu uku, Baba na gaba riƙe da hannun abokinsa. Aka ajiye hankicin a kan tebur. Daktora ta dube shi, ta dube mu, ta dafe kai da hannu biyu. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsa. Sai ta ɗago ta tambayi Baba ko ya sha ko ɗaya daga ciki, ya ce a'a. Ta ƙirga ƙwayoyin, ta tambayi mutumin ranar da ya fara ragewa, ta rubuta. Ta ce ba korar kowa za a yi ba, abin da aka faɗa aka rubuta ba ya ɓata gwaji, wanda aka ɓoye shi ke ɓatawa. Sannan ta ce wa mutumin ya buɗe baki ta gani.

Ashe bakin nan duk gyambo ne, yana kan warkewa. Ashe tun watan farko gudawa ke wahalar da shi, tafin ƙafarsa na zafi har ba ya iya zagaya gonarsa, kuma duk tambayar da aka yi masa sai ya ce alhamdu lillahi, don kada a ce ƙato kamarsa ya kasa, kuma kada a rage masa abin da yake ganin shi ke korar ciwon.

"Da ka koma uku fa?" ta tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai. "Don Allah na yi, ya daktora, Allah shaida ne. Amma gaskiya cikina ma ya gode."

Baba ya fashe da dariya har da tari. Daktora ba ta yi dariya ba, rubutu take yi da sauri. Ta ce masa wannan gyambon da wannan gudawar su ne rabin abin da ake nema a sani, ba jini kaɗai ba. In kowa ya daure ya yi shiru, za a rubuta cewa huɗu ba sa damun kowa, a ɗora wa dubban mutane. Ta tsayar masa da maganin na ɗan lokaci har bakin ya warke, sannan ta mayar da shi a kan awon da ya fi sauƙi, da hannunta, a rubuce. Daga ranar kuma duk wanda zai shiga gwajin sai ta ƙara masa da gargaɗi cewa wannan ba kisra ba ce, ba a tayi.

Ba da daɗewa ba ta aiko a kira ni daga benci. Wata tsohuwa ce aka kawo daga wajen Damazin, Bahaushiya, Larabcinta bai wuce na gaisuwa ba, tana so in maimaita mata ƙa'idar shan maganin da Hausa. Ƙuri'a ta ba ta huɗu. Da muka fito ɗanta ya ja ni gefe, fuska a murtuke, ya rage murya.

"Yaya, ke tamu ce, gaya min gaskiya. Na ga akwai masu shan biyu. Mi ya sa tsohuwata anka ɗora mata huɗu? Don sun ga mu ne, ko ta mutu ba mai tambaya?"

Ga shi ranar da nake buƙatar bakin nan ya tsaya min. Na gane fuskar, tawa ce. Da an ba Baba huɗu, da wannan maganar ce zan shiga da ita ofishin daktora, kuma da zan faɗe ta da ƙarfi fiye da shi. Ban ce masa ba shi da dalilin tsoro ba, don yana da shi, ni ma ina da shi. Na nuna masa Baba a benci na ce wancan ubana ne, biyu yake sha, kuma ni na yi faɗa don ba a ba shi huɗu ba. Na ce ya riƙa gaya wa daktora duk abin da tsohuwar ta ji, ko ƙaiƙayi ne, kada ya bar ta ta daure. Ya daɗe yana kallon Baba, sannan ya ce to.

Lokacin da daktora ta ɗiba ya cika ana tsakiyar zafi. Aka ɗebi jini, aka ce mu dawo. Kwanakin jiran nan abinci a bakina kamar ƙasa yake. Ranar da muka koma na kasa zama, na kasa tsayawa, Baba kuwa yana can yana musu da abokinsa a kan farashin riɗi, shi mutumin Hajj Abdalla dariyarsa ta dawo har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce a tausaya wa marasa lafiya.

Da aka kira mu daktora ta juyo da takardar ta fuskance ni, ta ɗora yatsa a kan layin.

"Ya kai, ya ustaza. A hankali ya zo, amma ya kai inda muke so. Zai ci gaba a kan biyu."

Na zauna a kujerar da na taɓa ƙin zama. Baba ya ce alhamdu lillahi a hankali, ya shafa fuska. Na ce, "Ke nan biyu ne daidai?"

"Ga babanki, zuwa yau. Ga sauran mutane ba a sani ba tukuna, sai an haɗa na kowa da kowa, na nan da na wasu wurare. Wataƙila biyu, wataƙila huɗu, wataƙila wani abu a tsakani."

"Har yanzu dai ba ki sani ba."

"Har yanzu," ta ce, kuma ranar ce na fara ganin haƙoranta.

Muka sauka a Sinnar rana ta karkata, sai mun ratsa kasuwa kafin mu kai inda motocin ƙauyenmu ke lodi. Tun da ciwon ya dawo na koyi wata irin tafiya in ina tare da Baba, gajeren taku, ina tsayawa kamar ina kallon kaya a rumfuna don ya huta ba tare da ya roƙa ba. Ƙafata ta saba har ba na sanin ina yi. Na tsaya gaban mai sayar da robobi ina juya wani bokiti da ba na buƙata, na waiga in ga ko ya iso, ban gan shi a bayana ba. Na duba hagu da dama. Sai na hango hularsa can gaba, ya wuce masu lemo, ya kusa kai bakin titi, ya juyo yana nemana da hannu a ƙugu.

"Uwata, ɗaga ƙahwa mana, mota za ta cika," ya ce da na matso. "Ke kam tahiyarki kamar marar lahiya."

Na ajiye bokitin, na ja mayafina na rufe fuska don kada 'yan kasuwa su ga malama tana kuka, na bi shi da sassarfa.